Yadda Ake Fitar da Turbar Keke a Dajin Legas, da Yadda Ake Riƙe Ta

Turbarmu ta farko ba ta ga ƙarshen damina ba. Mun yi Asabar huɗu muna sara a wani tudu da ke bayan Ikorodu, mu tara, yawancinmu daga Agege da Mile 12 muke tasowa bayan sallar asuba. Muka miƙe ta sambal daga saman tudun har gindinsa, don abin da ranmu ke so ke nan: gangara mai gudu. Ruwan Yuni ya kwana yana zuba dare ɗaya. Da muka koma, inda tayarmu ke bi ya zama rami har gwiwa, yashin da ruwan ya kwaso kuma ya binne kunyoyin rogon wata dattijuwa a ƙasan tudun. Mun je mun ba ta haƙuri, mun biya ɓarnar, mun kwashe yashin da baro. Har yau ina tuna yadda ta tsaya tana kallon gonar ba ta ce uffan ba.

Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwa masu hawan keken daji a Legas da kewaye waɗanda suka gaji da kokawa da motocin haya na danfo da tirela a kan kwalta, suna son su haɗu su fitar da turbarsu. Legas ba Jos ba ce, ba mu da duwatsu. Amma akwai 'yan tuddai da kwaruruka ta wajen Ikorodu da Epe, akwai jar ƙasa mai kyau, akwai inuwa. Abin da ya fi komai yawa kuwa shi ne ruwa. A shekara ruwan da ke sauka a Legas ya haura milimita 1,500, ya ɗara na Kano nesa ba kusa ba. Duk wanda zai fitar da turba a nan, aikinsa biyu ne: ya shirya da masu wurin, ya kuma nuna wa ruwa hanyar fita. Sara da haƙa masu sauƙi ne idan aka kwatanta su da waɗannan.

Mataki na farko: ku san ku nawa ne na gaske

A zauren WhatsApp mutum hamsin za su ce suna ciki. Ranar aiki bakwai za ka gani. Da bakwan nan za ku yi lissafi. Ku zaɓi shugaba, da ma'aji, da mutum ɗaya wanda shi ne mai maganar ƙarshe a kan inda turba za ta bi, domin idan kowa ya ja layinsa aikin zai tashi a banza. Ku sa kuɗin wata-wata daidai ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi a cikinku, a rubuta shige da fice a littafi, a karanta shi gaban kowa. Idan tafiya ta yi nisa kuna iya yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, don ku samu asusun banki da sunan ƙungiya da takardar da za ku nuna wa hukuma. Amma wannan ba na ranar farko ba ne.

Mataki na biyu: ƙasar ta wa ce?

Babu dajin da ba shi da mai shi a Legas. Wurin da ka gani ciyawa ta rufe shi, wataƙila na wani gida ne tun kaka da kakanni, ko an riga an yanka shi fuloti-fuloti an sayar, ko gwamnati ta karɓe shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma a ƙauyukan bayan gari wanda za ka fara gaisarwa shi ne Baale, wato mai garin Yarbawa, sai dattawan gidan da ke da filin, sai ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA. Idan filin shaƙatawa ne na gwamnatin jiha, hukumar LASPARK ce ke kula da irinsu. Wuraren da aka keɓe don kare daji da namun dawa, kamar cibiyar Lekki da gidauniyar kare muhalli ta NCF ta kafa a 1990, ba wurin sa adda ba ne sam.

Mu baƙi ne sau biyu a irin waɗannan ƙauyuka: ba 'yan garin ba ne, ga shi kuma mun zo da adduna da diga. Ka sa kanka a matsayin manomin da ya hango samari tara 'yan Arewa suna auna bayan gonarsa da igiya suna kafa turaku. Me zai zata? Saboda haka kada ƙafarku ta shiga daji da kayan aiki kafin a san da ku. Ku nemi Sarkin Hausawan yankin ya haɗa ku da Baale, domin su sun san juna, sun sha sasanta rigima tare. Ku tafi da wanda ya iya Yarbanci sosai, ku tafi da goro da abin gaisuwa, ku kuma tafi da keken kansa a gan shi. Mu da muka je, sai da wani dattijo ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya latsa tayar, ya tambaya ina injinsa. Da aka ce masa ba shi da inji, sai maganar ta yi sauƙi.

Ku faɗi abu uku a fili: ba sayen fili kuka zo ba, ba za ku yi gini ba, kuma duk ranar da masu wuri suka ce ku tashi za ku tashi. Ku roƙi a rubuta wannan a takarda ko da shafi ɗaya ne, a sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. A ciki a ambaci iyakar wurin, da ranakun hawa, da cewa wanda ya faɗi ya ji ciwo ba zai kama mai fili da laifi ba. Takardar nan ce za ta tsaya muku ranar da matasan da ake kira omo onile suka zo neman kuɗin ƙasa. Jihar Legas ta yi dokar hana ƙwacen filaye a 2016, amma a tsakiyar daji kada ku tsaya jayayya da kowa. Ku ajiye kayan aiki, ku ce a je gaban Baale.

Ku kuma tambayi inda ba a shiga. Akwai kurmin da mutanen gari ke yin al'adunsu na gargajiya, akwai maƙabarta, akwai rafin da ake ɗiban ruwan sha, akwai inda maharba ke ɗana tarko. Ku zagaye su da nisa ba tare da neman dalili ba. Haka nan layin bututun mai da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki irin waɗanda ke fitowa daga tashar Egbin: wuri ne a share mai jan hankali, amma ba a haƙa a can.

Mataki na uku: ku je ku ga wurin ana ruwa

Daminar Legas kashi biyu ce. Babba daga Afrilu zuwa Yuli, sai ɗan sauƙi a Agusta, sai ta dawo a Satumba da Oktoba. Wanda ya zaɓi layin turba a watan Janairu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, ya sayi kaya a duhu. Ku shiga wurin da ƙafa a Yuni ko Yuli, ana ruwa ko an ɗauke ke nan. Ku duba inda ruwa ke gangarowa, inda yake kwanciya, inda yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ku ɗaura jan ƙyalle a duk wurin da za a kauce wa, farin ƙyalle a wurin da kuke son turba ta ratsa: babbar bishiya mai inuwa, wurin da ake hango ruwan lagun (babban tafkin Legas), ƙasa mai tsauri.

Ku gwada ƙasar da hannu. Ka tone baƙar ƙasar sama, ka debo ta ƙarƙashi mai danshi ka dunƙule. Idan ta ƙi haɗuwa ta zube, rairayi ne, irin na Lekki da Ajah; taya za ta nutse a ciki, ruwa kuma zai kwashe shi. Idan ta haɗu ta yi danƙo har kana iya murza ta kamar igiya, yumɓu ne. Da rani kamar siminti, da damina santsi kamar sabulu. Wadda ake nema ita ce mai dunƙulewa amma ta farfashe idan ka matsa da yatsa, musamman jar ƙasa mai tsakuwar marmara. Ita ce idan ta daɓu take zama.

Mataki na huɗu: awon gangara

Nan ne muka yi kuskure a karon farko, nan ne kuma zan daɗe.

Ruwa gangara yake bi ta hanya mafi kusa. Idan turbarka ta bi wannan hanyar, ka gina masa kwata ne. Turba mai ƙarko ratsa tudu take yi ta gefe, kamar yadda manomin kirki ke jan kunyarsa a gicciye don kada ruwa ya tafi da taki. Ƙungiyar masu keken daji ta duniya, IMBA, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ta tattara wasu ƙa'idoji da masu wannan aiki ke bi a ƙasashe da yawa. Mun gwada su a jar ƙasar Ikorodu, sun yi.

Kafin ƙa'idojin, ga yadda ake awo ba tare da na'ura mai tsada ba. Ku samo igiya mai tsawon mita 10, da sanda doguwa, da tef na awo, da siririn tiyon nan da magina ke cika wa ruwa su daidaita gini. Mutum ɗaya ya danne bakin igiya a ƙasa ta sama. Na biyu ya sauka ya ja ta ta miƙe, ya ɗaga ta jikin sandar har ruwan tiyo ya nuna bakin biyu sun daidaita. A auna daga ƙasa zuwa inda igiyar ta taɓa sanda. Idan mita 1 ne, gangarar kashi 10 cikin 100 ce. Idan rabin mita ne, kashi 5. Idan mita 2 ne, kashi 20. Akwai manhajojin waya masu wannan awo, amma igiya ba ta neman caji.

Ƙa'ida ta farko ita ce ta rabi. Ka auna gangarar tudun kansa, daga sama zuwa ƙasa kai tsaye. Gangarar turbarka kada ta wuce rabin wannan. Tudu mai kashi 20, turba kada ta haura kashi 10. Tudu mai kashi 8, turba kada ta haura kashi 4. Da zarar ta wuce rabi, ruwan da ya kamata ya tsallake turbar ya wuce sai ya juya ya bi ta. Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙaramin tudu ya fi yaudara: gani za ka yi ai ba wata gangara ba ce, ka miƙe layi, ruwa ya bi ka.

Ta biyu: idan aka haɗa turbar gaba ɗaya, matsakaicin gangararta ya tsaya wajen kashi 10 ko ƙasa da haka. Ana iya samun ɗan guntun wuri mai tsauri da ya kai kashi 15 idan ƙasar mai ƙarfi ce. A ƙasa mai yashi ni ba na yarda a kusanci wannan.

Ta uku, wadda na fi ba muhimmanci a Legas: kada turba ta yi ta sauka ba hutawa. Bayan kowane mita 6 zuwa 15, a sa ta ɗan nutsa sannan ta ɗan hau kafin ta ci gaba da sauka. A gindin kowane nutso ruwa zai tsaya ya fita ta gefe, don ba ya hawa tudu. Ka ga ke nan ruwan da zai taru ya yi ƙarfi a mita 100 an raba shi gida goma, kowanne bai kai ya yi ɓarna ba. Kuma wannan hawa da sauka shi ne daɗin turbar a kan keke. Hanya mafi sauƙi ita ce a zagaye bishiya ko suri da layin ta ɓangaren saman tudu, a sauko, a sake hawa a zagaye na gaba haka.

Ta huɗu: fuskar turbar ta ɗan karkata waje, wajen kwari, da kashi 5. A turba mai faɗin santimita 60, bakin waje ya yi ƙasa da na ciki da santimita 3 kacal. Ido ba ya cika ganin wannan, amma ruwa yana gani. Ka tsiyaya ruwan gora ɗaya a tsakiya: idan ya tsallaka ya fita ta gefe, ka yi daidai, idan ya bi tsawon turbar, a sake.

Idan kun gama awo ku kafa turaku a kan layin, kusa-kusa, kowane taku huɗu ko biyar. Sannan mutum biyu su bi layin da gudu da ƙafa, hawa da sauka. Inda mai gudu ya ji dole ya taka birki da ƙafarsa, mai keke ma zai ja birki, tayar baya ta kankare ƙasa. A gyara kwanar tun tana turke.

Mataki na biyar: sara da haƙa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa na da danshi amma ba ta caɓe ba. Kayan aiki duk ana samunsu a kasuwa: adda, gatari, fartanya, galma, diga, shebur, manjagara, baro, kwanon sarki, magagari na wasa kaifi, da madaɓi. Idan babu madaɓi, kututturen icce mai nauyi da aka kafa wa mariƙi biyu ya wadatar.

A fara da share sarari. A sare rassa har tsayin mita 2 da rabi, domin mai keke a tsaye yake a kan feda. A gefe, a buɗe kamar tsawon hannu kowane ɓangare. Reshe a yanke shi daga jikin uwarsa, kada a bar tsini. Ƙananan itatuwa da ke kan layi a tumɓuke su da saiwa. Wanda aka sare aka bar guntu, shi ne zai huda taya ko ƙafar mutum, kuma zai tofo. Manyan bishiyoyi ba a taɓa su. Kwakwar manja da duk wani icce mai 'ya'ya dukiyar wani ce, a zagaye.

Sai a kankare baƙar ƙasar sama da ganye da saiwoyi har a kai ga ƙasa ta asali. Wannan baƙar ƙasa ba ta daɓuwa, soso ce. A watsa ta can ƙasan turba, a baje, kada a tara ta a baki.

A gefen tudu, ana yanko turbar ne gaba ɗaya daga jikin tudun, kamar an sassaƙa dakali. Akwai dabarar ragwanci da kowa ke faɗa wa a karon farko: a yanki rabi, a tara ƙasar da aka haƙo a waje ta cike sauran rabin. Wani dattijo mutumin Sakkwato, mai haƙar rijiya da harsashin gini a Ikorodu, wanda muke biya ya taya mu, shi ya hana mu. Ya hau kan ciken da muka yi ya buga diddige sau ɗaya, ƙasar ta zame. Ya ce, "Yara, ƙasar da kuka ɗauko kuka ajiye baƙuwa ce. Ruwan farko za ta bi. Ku taka wadda Allah ya dasa." Muka ce, "To, Baba." Ya karɓi diga ya nuna mana: a fara daga layin sama, a sara ƙasa, a jawo, a watsar nesa. Bangon da ya rage ta sama kuma kada a bar shi a tsaye kamar katanga, a kwantar da shi ya bi jikin tudun, in ba haka ba zai rufto. Ina ba kowace ƙungiya shawara ta nemi irin wannan mutum. 'Yan'uwanmu masu diga da shebur sun cika Legas, sun san ƙasar nan fiye da mu, kuma haƙƙinsu a biya su cikakke, ba a ce musu aikin sa-kai ba ne.

Daga nan sai daɓe. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki: yayyafi, bugu, yayyafi, bugu. Haka ake yi. Duk inda za a ƙara ƙasa, a zuba ta kaɗan-kaɗan, kaurin yatsu huɗu, a daɓe kafin a ƙara. Sabuwar turba a bar ta ta sha ruwa sau ɗaya ko biyu ta bushe kafin a sake ta ga jama'a.

Kada ku yi kwaɗayin tsawo. Mita 300 da aka yi da kyau sun fi kilomita 3 da za su zama kwazazzabo. Mu yanzu ba ma buɗe sabon yanki sai wanda muka yi bara ya ci damina guda lafiya.

Shimfiɗaɗɗen wuri da fadama

Yawancin ƙasar Legas a kwance take, kuma wuri a kwance ya fi tudu wahala, don ruwa ba shi da inda za shi. A nan ɗaga turbar ake yi. A haƙa lambatu a gefe, a ɗora ƙasa mai kyau a tsakiya ta yi doron kifi, a daɓe, a buɗe wa lambatun mafita zuwa wuri mafi ƙasa. Dutse tsada gare shi a Legas, daga jihohin maƙwabta irin su Ogun ake kawo shi, amma ɓaraguzan bulo da kankare daga inda aka rushe gini suna yin aikin. A jera su a ƙasa, a rufe da jar ƙasa, a tabbata babu ƙarfe ko kwalba a ciki.

Inda ruwa ke kwana wata da watanni, gadar katako ce magani, irin wadda ake gani a unguwannin bakin ruwa. A yi ta ƙasa-ƙasa, faɗinta ya isa mai koyo, a jera allunan a gicciye da 'yar tazara, a buga ragar waya a kai saboda santsi. Gara da danshi za su ci katakon, don haka a riƙa duba shi. Wasu na shafa baƙin mai don ya daɗe. Kada ku yi haka a kan ruwa. Ƙasan rafin nan wani ke sha, wani ke kama kifi. Dajin fadama na bakin lagun kuwa a bar shi yadda yake.

Kwana da 'yan acaɓa

A gangara mai sauƙi, wadda ba ta wuce kashi 7 ba, a yi kwana mai faɗi, a sa nutso kafin ta da bayanta don kada ruwa ya shiga cikinta. Idan kuna son kwana mai kafaɗa, wadda ake tara ƙasa a bayanta keke ya jingina, ku sani kwano kuke ginawa. Dole a huda masa mafita a wuri mafi ƙasa. Tudun tsalle kuma ku jinkirta shi. Idan za a yi, a yi mai shimfiɗaɗɗen sama wanda mai tsoro zai iya gangarawa a hankali, da hanyar kaucewa a gefe. Yaran ƙauye za su hau shi da kekunan da ba su da birki ranar da ba kwa nan.

Duk turbar da ta rage nisa, babur zai gano ta. Tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin tsakiyar birni a 2022, na ga 'yan'uwanmu da yawa sun koma bayan gari neman abinci, kuma ba laifinsu ba ne idan sun ga hanya sun bi. Amma babur mai ɗauke da mutum biyu da buhun garin rogo yana tone turba cikin mako guda da damina. Magani biyu ne. Tun wajen zane, kada turbarku ta zama gajeriyar hanya tsakanin ƙauye da titi. Ta zagaya ta dawo inda ta fara. Sannan ku je tasharsu ku yi magana da shugabansu cikin mutunci, ku ƙuntata mashigar da kututture biyu. Waya ko igiya a gicciye, ko rami, ko ƙusa, haramun ne a wannan aiki. Rai ake magana. Tsohuwar hanyar da manoma ke bi tun kafin ku zo kuma ba ku da ikon tare ta.

Ranar gayya

A fara da sassafe a tashi kafin azahar, zafin Legas da gumi ba a yi musu taurin kai. Kafin a taɓa komai a tsaya minti biyar: ga aikin yau, ga iyakarsa, ga akwatin magani, ga motar da za ta ɗauki wanda ya ji rauni, ga asibiti mafi kusa. Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767, amma ku gwada tun farko ko waya na kamawa a wurin. A raba mutane uku-uku ko huɗu-huɗu, kowane rukuni da wanda ya san aikin. Tsakanin mai sara da na kusa da shi a bar tazarar da kayan aiki biyu ba za su haɗu ba. Ana ɗaukar diga a hannu, kaifi na kallon ƙasa, ba a kafaɗa ba. Mai wucewa ya yi magana kafin ya gifta.

Takalmi mai rufi, dogon wando, safar hannu, ruwa mai yawa da gishirin ORS. Wanda ya daɗe bai yi allurar tetanus ba ya je ya yi. A kula da kwarkwasa, da gidan rina, da karara, wadda Yarbawa ke kira werepe. Wanda ƙaiƙayinta ya taɓa shi ba ya mantawa. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Da azumi mukan mayar da aikin ɗan gajere, gyaran magudana kawai. Abincin gayya kuma a saye shi a ƙauyen, a kira masu gonakin kusa su ci tare da ku.

Riƙon turba

Ku raba turbar yanki-yanki, kowane yanki da mai shi, sunansa a littafi. Bayan duk babban ruwa, cikin kwana biyu, mai yanki ya bi nasa da fartanya. Abin da zai duba kaɗan ne. Ya kwashe yashi da ganyen da suka toshe nutso. Ya duba bakin waje: taya na tura ƙasa gefe a hankali har ta yi 'yar kunya, kunyar nan ita ke tsare ruwa a kan turba, a kankare ta. Inda ruwa ya kwanta, kada a tsaga siririyar kwata, za ta toshe a ruwa na gaba. A fafe wurin kamar rabin faranti mai faɗin mita 3, ya karkata waje sosai. Ciyawa kuma, musamman wadda ake kira Akintola, tana iya rufe turba cikin 'yan makonni da damina, sai an bi ta da adda a kai a kai.

Ku kafa doka a kan kanku: idan taya na barin sawu mai zurfi, ba a hawa. Wanda ya tarar da taɓo a tsakiya ya ratsa ta cikinsa ko ya sauka ya tura, kada ya zagaye, zagaye ne ke mayar da turbar santimita 60 ta zama fili. Hular kwano dole ce. Mai keke ke ba mai tafiya da ƙafa hanya, mai saukowa ke ba mai hawa. Idan ka haɗu da mace da itace a ka, ka tsaya cak, ka sauke ƙafa, ka gaishe ta. Allon mashiga a rubuta shi da Yarbanci da Turanci da Hausa, a nuna wahalar kowane layi da launi: kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, baƙi na gwanaye.

Yankin da kuka gyara sau uku yana sake lalacewa, layinsa ne ba daidai ba. A fitar da sabo bisa awo, a kashe tsohon da gaske: a farfasa daɓensa da diga, a datse ramin da buhunan ƙasa da itace a gicciye, a dasa jema ko wata ciyawa mai riƙe ƙasa, a rufe da rassa har ido ya daina ganin hanya. Haka muka yi wa turbarmu ta farko, kuma sai da ta ci damina biyu kafin tabon ya ɓace.

Wata rana za ku zo ku tarar da tifa ta juye yashi a kan layinku, an kafa ginshiƙan siminti, an fara katanga. Filin ya sayu. A Legas wannan ba abin mamaki ba ne, shi ya sa ba ma zuba kankare, ba ma kashe kuɗi mai yawa a wuri ɗaya. Ya faru da mu a wani yanki mai kwana uku da muka fi so. Muka cire allunanmu, muka kwance gadar muka ɗauke katakon, muka je muka yi wa Baale godiya da goro kamar ranar farko. A zaman nan ne ɗaya daga cikin dattawan ya ce akwai wani kwari a bayan gonarsa da babu mai shiga, mu zo mu duba idan ruwan Yuni ya sauka.